Kujera Ashirin Aka Duba, Hamsin Aka Rubuta: Nazarin Yadda Hali da Aƙida Suka Cakuɗe wa Wani Shugaban Aiki

A wata na huɗu da ba shi shugabancin aikin yamma, mutumin da wannan nazari ya shafa ya ajiye takarda a teburin jami'ar kula da ma'aikata, yana roƙon a mayar da shi tsohon aikinsa. Layi uku ce takardar. Bai kai ƙarar kowa ba, dalilin da ya bayar kawai shi ne aikin bai dace da shi ba. An harhaɗa lamarin ne daga irin abin da ake yawan gani a ƙananan masana'antu, shi ya sa babu sunan mutum ko na kamfani. Alƙaluman cikin masana'antar na misali ne, ƙa'idar duba kaya da binciken masanan da aka ambata kuwa na gaske ne.

Ma'aikata suna kiransa Sufeto. Da zolaya aka fara, sunan ya bi shi. Shekara 9 ya yi yana duba ingancin kaya a masana'antar da ke ƙera kujerun ƙarfe na makarantu, duk a aikin safe. Ba shi da yawan magana, idan ya kama abu sai ya ga ƙarshensa, kuma a littafinsa na duba kaya ba ka samun layin da aka tsallake. Da shugaban aikin yamma ya bar aiki, babu wanda ya yi gardama a kan wanda ya cancanta. Aka ba shi ma'aikata 14, daga ƙarfe 2 na rana zuwa 10 na dare, da ƙarin kashi 25 cikin 100 a kan albashinsa.

Kalmomi biyu za su yi ta maimaituwa. Hali a nan shi ne yanayin da mutum ya taso da shi: ko hayaniya tana gajiyar da shi ko tana ƙara masa kuzari, ko yana saurin fushi, ko yana iya barin aiki rabi ya yi barci. Aƙida kuma, ba ta addini ko ta siyasa ake nufi ba, ita ce abin da mutum ya ɗauka da daraja har yake auna kansa da shi, irin su gaskiya, cika alkawari, biyayya ga na gaba, neman ɗaukaka, kula da iyali.

Fassarar farko

Manajan masana'antar bai ɓata lokaci ba wajen gano ciwon, a ganinsa. Ya ce da shi, "Malam, aiki ka san shi, mutane ne ba ka iya da su ba." Kuma yana da hujja. Taron fara aiki da tsohon shugaba kan yi minti 15 yana raha da kowa, Sufeto daga takarda yake karanta shi cikin minti 3. Ma'aikata sun yi ƙorafin cewa tsakanin 6:30 da 8 na dare ba a ganinsa a filin aiki. Sau ɗaya kuma ya daka wa wani mai walda tsawa a gaban jama'a, abin da ba a taɓa jin ya yi ba cikin shekara 9.

Fassarar tana da madogara a bincike ma. Tun 1969 Laurence Peter ya bayyana yadda ake ta ƙara wa mutum girma saboda ya iya aikin da yake kai, har a kai shi wanda bai iya ba. A 2019 Alan Benson da Danielle Li da Kelly Shue suka bi bayanan 'yan talla a kamfanonin Amurka, suka ga waɗanda suka fi kowa ciniki su aka fi ba muƙamin manaja, kuma sukan zama manajojin da ba su kai sauran ba. Nazarin da Murray Barrick da Michael Mount suka wallafa a 1991 ya nuna cewa tsantseni da riƙon aiki yana da alaƙa da yin aiki mai kyau a duk rukunin sana'o'in da suka duba, son shiga jama'a kuwa a aikin manaja da na talla ya fi amfani. Alaƙar ba mai ƙarfi can ba ce, ba ta isa a yanke wa mutum ɗaya hukunci da ita ba, amma ta isa ta sa manaja ya ji ya gano bakin zaren.

Aka tura Sufeto kwas na kwana uku kan shugabanci. Ya dawo da littafi cike da rubutu, ya tsawaita taron fara aiki zuwa minti 10. Bayan mako uku ya rubuta takardar nan.

Littafin mako biyu

Jami'ar kula da ma'aikata ta karanta takardar ta ce, "Malam, ba zan kai ta gaba ba, ba kuma zan mayar maka da ita ba. Ka ba ni mako biyu." Ta sa ya samo ƙaramin littafi mai shiga aljihu, ya raba kowane shafi gida huɗu: lokaci, abin da ya faru, yawan gajiyar da ya ji daga 1 zuwa 5, sai gida na ƙarshe da ake cikewa washegari da safe da "e" ko "a'a", wato ko abin ya dawo masa a rai lokacin da ya kwanta.

Wannan hanya tana da wuraren da take lalacewa. Idan mutum ya bari sai dare ya rubuta, abin da ya fi ƙona masa rai da abin da ya faru a ƙarshe kaɗai zai tuna, ƙananan abubuwan da suka cinye ranar su ɓace. Dole a rubuta cikin minti 5 da faruwar abu. Na biyu, mutane sukan rubuta hukunci a maimakon abin da ya faru. "Ma'aikata ba su da tarbiyya" ba ya amfanar da kowa, amma "4:10, mutum uku sun zo tambaya ina tsakiyar lissafin ƙarfe" ana iya aiki da shi. Na uku, muddin mai rubutun ya san shugabansa zai karanta, to abin da ya fi muhimmanci shi zai ɓoye, don haka aka yi sharaɗi littafin nasa ne, shi zai zaɓi abin da zai nuna. Mako biyu kuma shi ne mafi ƙaranci, domin mako ɗaya yana iya faɗowa a lokacin da aiki ya yi sauƙi.

Cikin kwana 12 na aiki ya rubuta abubuwa 58, suka rabu kashi uku. 41 katsewa ne da taro da rabon gardama tsakanin ma'aikata. 11 lokutan da ya koma ya sake duba aikin da wani ya riga ya duba ne. 6 kacal suka shafi sa hannu a takardar fitar da kaya. A gidan gajiya, kashin farko ne ya kwashe manyan lambobi, 4 da 5 birjik. A gidan ƙarshe kuwa, cikin 41 ɗin nan uku ne kawai suka bi shi gado. Shidan nan duk sun bi shi, ko da yake gajiyar da ya ba su ba ta wuce 2 ba.

Kashin farko bai buƙaci dogon nazari. Mutum ne da hankalinsa ke aiki idan an bar shi da abu ɗaya, an ɗora shi inda ake katse shi sau uku ko huɗu a rana a kan abin da ya dame shi har ya rubuta, ban da ƙananan da bai rubuta ba. Alexander Thomas da Stella Chess, waɗanda suka fara bin rayuwar wasu jarirai a Amurka tun 1956, sun ga bambancin hali tun daga watannin farko, kuma abin da suka fi jaddadawa shi ne dacewar hali da muhallin da aka sa shi. Yaro mai jinkirin sabawa ba matsala ba ne a gidan da ake ba shi lokaci, a gidan da ake azalzalarsa ne yake zama matsala. Haka yake ga babba a wurin aiki. Ana cewa hali zanen dutse, kuma ko da bincike ya nuna yana ɗan sauyawa da shekaru, ba a kwas na kwana uku yake sauyawa ba. Abin da ake iya sauyawa a mako ɗaya shi ne tsarin ranar.

Shidan nan

Masana'antar tana bin ƙa'idar ISO 2859-1 wajen duba kaya, haka aka rubuta a kwantiraginta da mai saye. A matakin dubawa na biyu, wanda aka fi amfani da shi, rukunin da ke da kaya 281 zuwa 500 ana ɗebo 50 daga cikinsa a duba. A kan iyakar aibi ta 2.5 cikin 100, idan aka sami masu babban aibi (irin tsagewar walda ko ƙafa mai rawa) uku ko ƙasa da haka rukunin ya wuce, idan suka kai huɗu an ƙi shi. Rukuninsu kujera 400 ne. Kowace kujera tana cin minti 3: a duba walda a mahaɗai, a gwada noti, a ɗora ta a kan faranti a ga ko ƙafa tana rawa, a duba fenti. Hamsin sau uku, minti 150 ke nan.

Motar ɗaukar kaya tana zuwa sau uku a mako, tana tashi 8:30 na dare, lodi yana cin minti 45, saboda haka dole a gama dubawa 7:45. Rukunin ƙarshe kuma yakan fito daga ɗakin busar da fenti ne wajen 6:30. Minti 75 ke nan ga mai duba guda ɗaya, wato kujera 25 in bai ɗaga kai ba. A aikace 20 ake dubawa. Takardar fitar da kaya kuwa an riga an buga 50 a jikinta, babu gurbin rubuta wani adadi, shugaban aiki ne ke sa hannu a ƙasa. Tsohon shugaba ya shekara yana sa hannu. Sufeto bai taɓa sani ba, domin a aikin safe babu motar da ke jira.

Mai cewa 20 da 50 duk ɗaya ne bai yi lissafi ba. A ɗauka rukuni ya lalace har kujera 10 cikin kowace 100 suna da babban aibi. Idan aka duba 50 aka yafe uku, irin wannan rukuni sau ɗaya cikin huɗu ne kawai zai kuɓuta. Idan aka duba 20 kuma aka ci gaba da yafe uku, zai kuɓuta fiye da sau 85 cikin 100. Sufeto ya san wannan lissafi tun kafin kowa a masana'antar, kuma ya san yara ne za su hau kujerun.

Daga nan aka gane ɓatansa na 6:30 zuwa 8. Yana can wurin lodi yana duba kujera 25 da hannunsa, mai duba ma ya yi 25, don a cika 50. A lokacin ne filin aiki ke zama babu shugaba, a lokacin ne aka yi gardamar da ta kai shi ga yi wa mai walda tsawa. Ranar da abu ya riƙe shi bai samu zuwa ba, sai ya sa hannu a kan 50 ɗin. Ya ƙirga, sau 9 ya yi haka cikin wata huɗu, kuma yana tune da ranakun.

Tambaya ɗaya ce ta raba kashi biyun. Jami'ar ta ce, "Malam, da za a sami wanda zai riƙa yi maka taron fara aiki, ya za ka ji?" Ya ce zai ji an sauke masa kaya. Ta ce, "To da za a sami wanda zai riƙa sa maka hannu a takardar fa?" Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malama, ai kujerun ba a duba su ba dai." Abin da ya saɓa wa hali, idan wani ya ɗauke maka shi ka huta, hutun ƙarshen mako ma yana rage shi. Abin da ya saɓa wa aƙida yana nan daram ko da hannun wani ne ya yi shi, kuma hutu ƙara masa sarari yake yi a zuciya. Da an amsa takardarsa an mayar da shi aikin safe, da ya rabu da hayaniya, amma kullum mota ta tashi zai san abin da ke cikinta.

Me ya sa bai faɗa ba tsawon wata huɗu? A nan hali da aƙida suka haɗu suka ɗaure shi. Shalom Schwartz, wanda a 1992 ya fitar da manyan aƙidu 10 daga binciken da ya yi a ƙasashe 20, ya jera su a da'ira, maƙwabta suna tafiya tare, masu fuskantar juna suna karo. Gaskiya da riƙon amana suna cikin rukunin kyautata wa na kusa, shi kuma yana maƙwabtaka da biyayya. Ga yawancin mutane, a yawancin ranaku, faɗin gaskiya da bin na gaba hanya ɗaya suke bi. Shekara 9 Sufeto bai taɓa zaɓa tsakaninsu ba. Ranar da suka rabu, bai da shiri, ga shi kuma mutum ne da gardama ke masa nauyi. Sai ya biya bashin da jikinsa: ya yi aikin mutum biyu don kada ya yi ƙarya, kada kuma ya ce wa manaja a'a.

Sha ɗayan da ba su yi masa daɗi ba

Da a ce nazarin ya tsaya a nan, sai a ce ga mai gaskiya ga azzalumin manaja. Kashi na biyu na littafin ya hana haka. Sau 11 ya koma ya sake duba abin da mai duba na yamma ya riga ya wuce da shi, kuma da aka bi su ɗaya bayan ɗaya, 8 a kan ƙarcewar fenti ne a ƙarƙashin mazauni, inda ido ba ya kaiwa. Masana'antar ta raba aibi gida biyu, kamar yadda aka saba: babba, irin tsagewar walda ko ƙafa mai rawa, da ƙarami, irin ƙarcewar fenti, wanda ke kan iyakar 4.0, inda cikin 50 ake yafe har biyar. Sufeto yana ɗaukar ƙarami ya yi masa hukuncin babba, yana kuma kiran hakan gaskiya.

An yi masa tambayar nan dai. Da wani amintacce zai duba fentin ya ce ya yi, zai huta? Ya yi jim, ya ce zai huta, idan dai ba ya gani. Ke nan halinsa ne na rashin jure ganin abu a karkace ya ari rigar aƙida. Wannan kuskure ya fi wancan yawa a wuraren aiki, kuma ya fi wuyar faɗa wa mai shi, domin yana jin ana cewa ya rage gaskiyarsa. Illarsa a nan biyu ce. Mai duba na yamma ya daina yanke hukunci da kansa, tun da ya san za a sake. Manaja kuma ya saba jin ƙorafin Sufeto a kan fenti, har ya zama da ya kawo maganar 20 da 50 ma, da wuya a bambanta ta da sauran.

Shi ma manajan yana da abin da yake karewa. Kwantiragin yana da tara a kan jinkiri, kuma daga kuɗin wannan mai saye ake biyan yawancin albashi. A wurinsa motar da ta tashi a kan lokaci alkawari ne aka cika. Ya san ana duba ƙasa da 50, bai taɓa zama ya yi lissafin abin da hakan ke nufi ba. Hali ma ya taimaka: mutum ne mai saurin yanke shawara, wanda shiru a wurinsa amincewa ce.

Gida

Maiɗakinsa ta ɗauka girma ne ya shige shi. Yakan dawo wajen 11 na dare ya zauna ba uffan, ya daina kai ziyarar ƙarshen mako ga mahaifiyarsa, ranar hutu kuma sai ya ɗauki littafin aikin gida na ɗansa ya yi ta sa shi sake rubuta shafi saboda layi ya karkace. Wani abin da ya ƙara ɗaure shi shi ne, tun a watan farko sun mayar da yara biyu makarantar da ta fi tsada, sun jingina kuɗin a kan ƙarin albashin. Daniel Kahneman da Amos Tversky sun nuna tun 1979 cewa zafin rasa abu ya fi daɗin samunsa, daga baya suka kiyasta bambancin da kusan ninki biyu. Ƙarin da bai taɓa nema ba ya zama abin da ba zai iya saki ba cikin sauƙi. Ya rubuta takardar ajiye muƙamin bai gaya mata ba. Shawarar da ta dace ga duk wanda aka ƙara wa girma zuwa aikin da bai taɓa yi ba ita ce kada ya ɗora wata hidima mai ɗorewa a kan ƙarin sai ya yi wata uku zuwa shida a kai.

Abin da aka yi

An zauna su uku. Kafin zaman, jami'ar ta sa Sufeto ya rubuta lissafin 20 da 50 a shafi ɗaya ya ba manaja tun da safe, domin a rubuce ya fi ƙarfi, a baki kuwa manaja zai rufe shi cikin minti biyu. An kuma yarda ba za a ambaci fenti ba a wannan zama.

Abin da ya buɗe ƙofa yana cikin ƙa'idar kanta. ISO 2859-1 ta tanadi sassauta dubawa, kuma ga rukuni mai girman nasu adadin da ake ɗebowa a sassaucin 20 ne daidai, sai dai adadin aibin da ake yafewa shi ma yana sauka. Ba a shiga sassaucin sai da sharaɗi: a tara maki 30, kowane rukuni yana kawo 3 idan da zai wuce ko da an matsa iyakar da mataki ɗaya, wato a nasu lissafin masu babban aibi ba su wuce biyu ba cikin 50. Rukuni 10 ke nan a jere, aiki yana tafiya ba tangarɗa, kuma mai alhakin amincewa ya yarda, wanda a kwantiraginsu mai saye ne. Da zarar an ƙi rukuni ɗaya a koma 50. Manaja ya ce to ai tsofaffin takardu sun nuna fiye da 10. Sufeto ya ce, "Yallaɓai, waɗancan ba 50 aka duba ba." Aka fara ƙirga daga sifili.

Don a iya duba 50 na gaske a makonnin ƙirgar, a ranakun mota mai duba na safe ya koma shiga 11 na safe ya tashi 8 na dare. Mutum biyu, kujera 25 kowanne, minti 75, babu rarar ko minti ɗaya. Saboda haka aka kuma sauya jerin aiki, rukunin mota ya riƙa shiga fenti da farko, ya fito 5:30. Wannan ya jawo gardama da mai fenti, domin sauya launi a tsakiyar aiki yana nufin wanke bindigar feshi, minti 20 a banza, kuma ba a tuntuɓe shi ba kafin a yanke. Sai da aka rage masa adadin da ake nema a ranakun mota kafin ya saki jiki.

An sake buga takardar fitar da kaya. Aka cire 50 ɗin da ke jikinta aka bar gurbi a rubuta adadin da aka duba, aka ƙara layi a ƙasa na izinin fitar da kaya ba bisa ƙa'ida ba, wanda manaja kaɗai ke sa wa hannu. Wannan ƙaramin gyara ya fi komai aiki, domin ya mayar da nauyin ga mai ikon yanke shawarar.

Sai maganar bakinsa. Mutumin da gardama ke wa nauyi ba a ce masa ya yi ƙarfin hali, shirya masa kalmomin ake yi tun kafin lokacin ya zo. Peter Gollwitzer ya nuna a 1999 cewa niyyar da aka ɗaura da wani takamaiman yanayi, a sigar "idan kaza ya faru, zan yi kaza", ta fi niyyar gama-gari cika. Tasa ita ce: idan aka ce ya sa hannu a kan adadin da ba a duba ba, zai ce, "Yallaɓai, zan rubuta abin da muka duba in sa hannu. In motar za ta tashi a haka, ga layinka." Ya maimaita ta da ƙarfi a ofishin jami'ar har ta daina masa nauyi a baki.

Ta fannin hali gyaran bai da tsada. Taron fara aiki ya koma hannun wani dattijon mai walda da ma'aikata ke jin maganarsa, Sufeto yana tsaye a gefe, ya faɗi adadin aikin ranar kawai. Tambayoyin da ba na gaggawa ba aka tara su zuwa ƙarfe 4 da ƙarfe 7, gaggawa kuma aka fayyace ta: rauni, inji ya tsaya, kayan aiki sun ƙare. Ya sami minti 20 shi kaɗai a ofis bayan zagayen ƙarfe 4. Brian Little, masanin hali, ya yi bayanin cewa mutum yana iya fita daga halinsa saboda abin da yake ƙauna, muddin yana da wurin da zai koma ya farfaɗo. Shi kuma aka ɗora masa nasa sharaɗin: ba zai sake duba aikin mai duba na yamma ba sai kujera 5 a mako, wanda zai ɗebo ba zaɓe, kuma babban aibi kaɗai zai nema. Wannan ya fi ba shi wuya a kan duk sauran. Mako na biyu aka same shi ya kifa kujera yana leƙen fenti.

Ya janye takardarsa da sharaɗin a sake zama bayan wata uku. A daren ya gaya wa maiɗakinsa komai, har da sau taran.

Rukuni shida suka wuce lafiya, maki ya kai 18. A na bakwai aka sami kujera uku masu tsagewar walda a mahaɗin baya. Uku bai kai a ƙi rukunin ba, mota ta tashi a kan lokaci, amma ya wuce biyu, don haka makin ya koma sifili. Manaja ya sauko da kansa ya ce kaya sun wuce, me zai sa a koma farko, a rubuta biyu mana tun da ta ukun tsagewar ba ta kai ta kawo ba. Sufeto ya ce, "Yallaɓai, uku muka gani, uku zan rubuta." Ba jimlar da ya haddace ba ce, amma daga ita ta fito. Da aka bi sawun tsagewar sai aka tarar duk daga injin walda ɗaya ne, wanda wutarsa ta sauka ƙasa da yadda aka saita.

Takardu tara na baya suna nan a fayil da sa hannunsa. Yana ganin ya kamata a sanar da mai saye, a aika mutum ya duba waldar kujerun da aka riga aka kai. Manaja yana ganin babu wanda ya dawo da kaya, kuma tono maganar zai iya cinye kwantiragin da mutum 14 ke ci a ƙarƙashinsa. An sa batun a jerin abin da za a tattauna a zaman wata uku.